Idin Baƙo: Daga Ayarin Bebeji zuwa Filin Aro

A watan Yuli na 1826, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya yada zango a Bebeji a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano. Ya ƙiyasta mutanen garin da fiye da 20,000, ya kuma lura cewa fatauci ne ya tara su. Bebeji tana bakin tsohuwar hanyar da ke fita daga Kano ta nufi kudu, kuma a cikinta da maƙwabtanta irin su Madobi ne iyalai da yawa na Agalawa suka zauna, waɗanda sana'arsu ita ce zuwa Gwanja ɗauko goro. Hanyar kuwa ba ta kusa ba ce. Ayari kan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, kafin ya sauka Salaga, a arewacin Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci daga wata 6 zuwa shekara guda.

A wannan gari aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi, mahaifiyarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara, kamar yadda fatake ke kiran babban birnin Gana, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ya ci sunanta. Yana da kimanin shekara 15 ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya gan ta. Idan aka duba kalandar wannan lokaci, a 1892 Ƙaramar Sallah ta faɗo ne a ƙarshen Afrilu, Babbar Sallah kuma a farkon Yuli. Ayarin da ya tashi da rani, kamar yadda aka saba, ba yadda za a yi ya dawo gida bai sha aƙalla ɗaya daga cikinsu a hanya ba. Ga mutanen wannan sana'a, Sallah a ƙasar wasu ita ce al'ada, ta gida ce ake samu jefi-jefi.

Domin a gane abin da falke yake rasawa a irin wannan rana, sai an tuna yadda Idi yake a gida. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka fara sallar Idi a Shadakoko. Tun daga nan Idi ya zama sha'anin sarauta. Fili na sarki ne, liman na sarki ne, dogarai ne ke buɗe hanya, kuma kowa ya san sahunsa. Haka abin yake a ƙananan garuruwa, daga Bebeji zuwa Kiru: hakimi ko dagaci ya fito, gari ya biyo bayansa. Ba wanda yake neman izinin taruwa, domin mai ba da izinin yana sahun gaba.

Baƙo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hatta fiƙihu bai ɗora masa nauyin ba. A mazhabar Malikiyya, wadda malaman ƙasar Hausa suka tashi a kanta, sallar Idi sunna ce mai ƙarfi a kan wanda Juma'a ta wajaba a kansa, wato mazaunin gari. Matafiyi an so ya yi ta ne kawai. Wannan ƙaramin bambanci yana da ma'ana babba a tarihi. Ranar da Hausawan wani baƙon gari suka fita bayan gari, suka jera sahu a bayan limaminsu, a filin da mai ƙasa ya ba su, ranar ce suka shaida wa kansu da masu masaukinsu cewa sun daina zama masu wucewa. Kalmar zango kanta ta yi irin wannan tafiya: daga wurin kwana ɗaya a hanya ta koma sunan unguwa ta dindindin, har ta zama sunan da ake kiran unguwannin Musulmi da shi a duk faɗin Gana da Togo da Binin.

Littattafan da almajiri ke karantawa, irin su Risala, sun tanadi wasu ƙa'idoji da suke ibada ne a asali, amma kowane mai shirya taro zai gane amfaninsu. An so a yi wanka, a sa tufafi masu kyau, a yi sallar a fili a wajen gari maimakon a cunkushe cikin masallaci, a tafi ta wata hanya a dawo ta wata. A Babbar Sallah kuma ba mai yanka layyarsa sai liman ya yanka tasa. Ke nan akwai lokacin farawa, akwai wanda ake jira, akwai hanyar shiga da ta fita. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne wanda zai kwashe tumbi da jini da kashin dabbobi bayan an watse. Wannan kuwa ya rataya ne a kan tsarin da jama'a suka gina wa kansu.

Ayari yana da irin wannan tsari, mai tsauri ma. Madugu ne shugaba, shi ke yanke inda za a kwana da ranar da za a tashi, shi ke magana da sarakunan hanya. Jagaba yana gaba yana duba hanya da mashaya. Uban dawaki yana tattara kuɗin fito da na gaisuwa. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi da zaɓen ranar tafiya, wanda shi ne kuma zai ja salla. Mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da 1,000, da jakuna da alfadarai da takarkarai, ba za su iya kwana a gefen garin wasu ba sai kowa ya san inda zai ɗaure dabbarsa da inda zai ɗebi ruwa. Ayarin da ya ɓata rijiyar gari zai biya a shekara mai zuwa, ko dai a ƙara masa kuɗi, ko a rufe masa ƙofa, domin hanyar Gwanja ɗaya ce kuma dole a sake bin ta.

Hajar ma tana koyar da kula. Goro ba ya jure sakaci. Ana lulluɓe shi da ganye a cikin huhu, ana kwance shi lokaci-lokaci a hanya, a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Wanda ya san darajar goro shi ke nema masa ganye, in ji masu iya magana, kuma falken da ya yi kasala a wannan aiki yakan iso Kano da asara.

Sai dai bai kamata a yi wa tarihin kwalliya ba. Mutanen nan da suka iya tsabtace huhu da tsara ayari sun kasa tsabtace babbar kasuwarsu. Salaga ta yi suna da yawan rijiyoyi, har ake ce mata gari mai rijiya dubu, amma matafiyan da suka rubuta labarinta a ƙarshen ƙarni na 19, ciki har da Bafaranshe Louis-Gustave Binger da ya je a 1888, sun kwatanta ta da gari mai ƙazanta ƙwarai, mai wari, mai ƙarancin ruwan kirki da rani. Ana iya cire wani kaso na wannan magana a matsayin rainin da Turawan lokacin suka saba yi wa garuruwan Afirka, amma ba za a cire duka ba. Dalilin kuma a fili yake. Sarakunan Gwanja masu ƙasar ba a Salaga suke zaune ba, suna Kpembe, ɗan nesa kaɗan. Yawancin mutanen da ke cika garin a lokacin ciniki baƙi ne na 'yan watanni, da bayin da aka kawo sayarwa, domin Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Kowane mai gida yana kula da cikin gidansa da baƙin da ya saukar. Abin da ke tsakanin gida da gida ba na kowa ba ne. A cikin ayari kowane aiki yana da sunan mai shi. A titin Salaga babu.

A ƙarshen 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen Kpembe, Salaga ta watse. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da Yeji da sauran wurare. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rubuta labarin rushewar garin, ya kuma zauna a Kete-Karachi har rasuwarsa a 1934. Ba da daɗewa ba cinikin ya juya zuwa teku. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi daga Sakandi a 1903, kuma tun wajen 1906 Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko. Zangunan da suka bunƙasa daga nan su ne na Kumasi da Ankara, a ƙarƙashin sabon mai masauki, wato gwamnatin Ingila.

A nan ne tsabta ta tashi daga sha'anin mutunci ta zama sha'anin rai da muhalli. A 1908 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta auka wa Ankara. Aka aiko da Farfesa W. J. Simpson daga Ingila, mutumin da ya yi imani cewa maganin annoba shi ne a rusa cunkoson gidaje, a kuma nisanta Turawa daga 'yan ƙasa. Aka rushe gidaje, aka kwashe mutane. 'Yan shekaru bayan haka Malam Baƙo, ɗan Malam Neno wanda yake cikin waɗanda suka kafa tsohon zangon Ankara, ya sami fili daga sarakunan Ga a bayan gari, ya kafa Sabon Zango, ya raba wa mabiyansa filaye. A 1924 irin wannan annoba ta faɗa wa Kumasi. Hukuma ta ɗora ido a kan zango, aka rushe tsofaffin gidajensa, aka gina sababbi a jere, sannan a 1925 aka kafa hukumar lafiyar birnin. Malam Sallau, Bakatsine, shi ne Sarkin Zangon Kumasi a lokacin, tun 1919.

Ɓera bai san ƙabila ba, kuma cunkoson zango ya samo asali ne daga ƙaramin filin da aka ba mutane masu yawa. Amma duk lokacin da cuta ta ɓulla, unguwar baƙi ce ake fara nunawa da yatsa, domin ita ce ba ta da mai kare ta a fada. Wannan ne ya sauya aikin Sarkin Zango. A da, mai sasanta fatake ne da mai karɓar baƙi. A ƙarƙashin Turawa ya zama wanda ake kira idan kwata ta toshe, ko an yi yanka inda ba a yarda ba, ko taro ya tare hanya. Ma'aikacin da Hausawa ke kira duba-gari, wanda mutanen Gana suka laƙaba wa samansaman saboda yawan sammacin da yake rabawa, yana shiga gida ya leƙa randa ya duba tsutsar sauro, ya rubuta tara. Babbar Sallah, ranar da kowane gida ke zubar da jini da tumbi a lokaci guda, ita ce ranar da unguwa ta fi zama a tafin hannunsa. Abin da zango ya koya a wannan zamani shi ne abin da Salaga ta rasa: a sami mutum guda mai suna da za a tambaya, shi kuma ya san masu gidan da zai tambaya.

Irin wannan ya faru a ƙasar Yarbawa. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo, ƙarƙashin sarkinsu, kuma daga nan suka riƙe cinikin goro da na shanu tsakanin kudu da arewa. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969, ya nuna cewa masu gida su ne ginshiƙin komai: su ke saukar da baƙo, su adana kayansa, su tsaya masa a bashi, su kuma amsa laifinsa. A 1952, bayan ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a Sabo, Hausawan suka daina zuwa babban masallacin gari, suka tsai da Juma'arsu. A ganin Cohen, taron salla ya maye gurbin ikon da sarautar Sabo ke rasawa yayin da mulkin Turawa ke ƙarewa. Ko an yarda da fassararsa ko ba a yarda ba, ta nuna cewa ga baƙo sahu hanya ce ta ƙirga kai da sanin wanda ake bi.

Duk da haka, kyakkyawan tsari bai taɓa zama garkuwa cikakkiya ba. A ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙin da ba su da takardun zama mako 2 su bar Gana. Ana cikin watan azumi. Wa'adin ya cika a farkon Disamba, Ƙaramar Sallah kuma ta zo kimanin mako guda bayansa. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, mafi yawansu 'yan asalin Nijeriya, da yawa cikinsu a zango aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. Jikokin waɗanda suka shaida zamansu da sallar Idi sun sake komawa matafiya, wasu a bayan manyan motoci, wasu a bakin iyaka. Waɗanda suka rage sun jira kusan shekara 25 kafin ƙasar ta amshi Idinsu a hukumance. A 1993 aka naɗa Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ɗan zangon Ankara, Babban Limamin Ƙasa, kuma a tsakiyar shekarun 1990, zamanin Jerry Rawlings, Sallolin biyu suka zama ranakun hutu. Yanzu ana sallar Idi a Dandalin 'Yancin Kai da ke Ankara, shugabannin ƙasa suna halarta.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai ga baƙon abu ba a yadda Musulmi ke yin Idi a Turai da Amurka a yau, ciki har da Hausawan da karatu ko aiki ya kai can, da 'ya'yan zangunan Gana da suka kafa masallatai a unguwar Bronx ta Niyok. Mai ƙasa ne kawai ya sauya kama, ya zama majalisar birni. A Bamingam ta Ingila, masallacin Green Lane ne ke jagorantar Idin da ake yi a lambun Small Heath, inda masu shirya taron suka ƙiyasta mutum 140,000 a 2018. Lambun na birni ne. Kafin a shimfiɗa darduma ɗaya sai an cike takardu, an nuna inda motoci za su tsaya, da hanyar motar asibiti, da yawan masu sa kai, da yadda za a mayar da wurin kamar yadda aka same shi. Takardar tana ɗauke da sunan wanda za a tambaya. Madugu ke nan da uban dawaki, sun sa riga mai ƙyalli sun riƙe jakar shara. Iznin baɗi kuma yana rataye ne a kan yadda ciyawar ta kwana bana, da abin da maƙwabta suka rubuta wa majalisa, da hoton da wani ya ɗauka ya sa a intanet. Rashin adalcin da ke ciki ma tsoho ne: taron kiɗa ko na ƙwallo kan bar shara mai yawa a kira ta shara kawai, amma idan Musulmi suka bari sai a kira ta halinsu.

Layya ce ta fi sauyawa. A Faransa, yanka a wajen mayankar da hukuma ta amince da ita laifi ne da kan jawo ɗaurin wata 6 da tarar Yuro 15,000, shi ya sa ake buɗe mayanku na wucin gadi a kwanakin Sallah. A Ingila ma sai a mayanka mai lasisi. Don haka da yawa suna biyan mahauci su karɓi nama daga baya, wasu kuma su aiko da kuɗin rago gida a yanka musu a Kano ko Maraɗi. Hatta a Mina sai da aka nemi irin wannan mafita: a 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya fara gudanar da shirin da alhaji zai sayi takarda a yanka masa hadaya a mayanka, a daskarar da naman a raba wa mabuƙata, bayan shekarun da ake binne tarin dabbobin da suka ruɓe. A wani gefen kuma ana samun karɓuwa irin ta Gana. A 2015 birnin Niyok ya sanya Sallolin biyu cikin ranakun da ake rufe makarantun gwamnati.

Kudancin Kano bai daina fitar da matafiya ba, hanyar ce ta sauya. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kashe ayarin jakuna, Ɗantata ya koma birni ya zama babban mai sayen gyaɗa har rasuwarsa a 1955. Yankin ma ya karɓi nasa baƙin, a ma'adinan kuza na Riruwai a Doguwa, da kuma wajen aikin madatsar Tiga a farkon shekarun 1970. Yau matasan Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna Legas da Fatakwal da Abuja, suna sayar da albasa da tumatir, suna tuƙa babur, suna gadi. Ana saura kwana 2 Sallah, motocin da ke sauke mutane a Kwanar Ɗangora kan nuna yawan waɗanda suka samu dawowa. Sauran suna can suna bin Sarkin Hausawan kasuwarsu zuwa filin makaranta ko gefen titi da aka ara musu, kuma sun san abin da zai biyo baya idan suka bar wurin a ɓace.

A gida babu wannan tsoro. Filin Idi na gari ne, ba mai ƙwace shi, ba maƙwabcin da zai kai ƙara. Tsabtar gari kuma, tun da gwamnatin soja ta ƙaddamar da ita a Kano a 1985 ƙarƙashin yaƙi da rashin ɗa'a, ta zama abin da ake jira a yi shelarsa, a yi a Asabar ɗin ƙarshen wata bayan an hana motoci tafiya. Ranar Idi ba ta cika dacewa da wannan Asabar ba. Da hantsi, bayan liman ya sauka, dawakai sun bi hakimi, yara sun bi masu alewa da balan-balan, abin da ke saura a filayen garuruwa da yawa shi ne ledar ruwa da ta ƙanƙara da kwalin da aka yi salla a kai. Awaki kan fara zuwa. Iska ta kai wani ya maƙale a ƙaya, sauran kuma su jira ruwan farko ya kwashe su zuwa kwalbati, daga nan zuwa rafukan da ke gangarawa Kogin Kano.